Gindin Kibiya Mai Fitila: Zaɓe, Sakawa da Karanta Haskensa a Farautar Barewa

A yawancin jihohin Amurka, doka ta yarda maharbi ya harbi barewa daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta. Barewa mai farar wutsiya, wadda ita aka fi farauta da baka a can, ta fi fitowa kiwo a daidai waɗannan lokuta biyu, da jijjifi da kuma almuru. Kibiyar bakan zamani mai wili tana gudun ƙafa 250 zuwa 300 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ƙifta ido ta cinye yadi 20. Sai maharbi ya ji ƙarar saukar kibiya, ya ga dabba ta zabura ta faɗa kurmi, a bar shi da tambaya: ina na same ta?

Amsar wannan tambaya ce ke nuna masa ko ya bi sawu bayan rabin awa ko ya haƙura sai gari ya waye. Wanda ya yi kuskure a nan yakan tayar da dabbar da ta kwanta tana shirin mutuwa, ta yi nisan da ba zai ƙara ganinta ba. Gindin kibiya mai fitila an yi shi ne domin wannan gaɓa. Ba ya gyara hannun maharbi ko kaɗan. Aikinsa ba da shaida.

Mene ne shi, kuma yaya yake kamawa

Gindin kibiya shi ne ɗan robar nan mai tsaga da ke kama tsirkiya. A kibiyar zamani ba a jikin sandar ake yanka tsagar ba kamar yadda ake yi wa kyauro. Sandar bututu ce ta kabon ko alminiyam, gindin kuma cusa shi ake yi a ramin bututun. Mai fitila yana ɗauke da ɗan ƙwan lantarki da siririn batir na litiyam mai bolt 3, irin wanda ake sa wa abin da masunta ke ɗaurawa a zaren fatsa da dare. Bugun tsirkiya a lokacin saki shi ke kunna shi.

Hanyoyin kunnawar biyu ne suka fi yawa a kasuwa, kuma ya kamata ka san wacce ka saya, domin matsalolinsu daban ne. Lumenok, na kamfanin Burt Coyote da ke jihar Illinois, yana da wasu 'yan ƙarafa biyu a wuyansa. Idan tsirkiya ta danna gindin ya ƙarasa shigewa, ƙarafan su taɓa bakin sandar, sandar da kanta ta haɗa wutar. Kashe shi kuma sai ka ɗan jijjiga shi baya har ƙarafan su rabu da bakin. Nockturnal yana da ɗan makunni a cikin tsagar wanda tsirkiya ke dannawa, ana kashe shi ta wani ƙaramin rami a gefe da tsinin wuƙa ko ɗan ƙarfen da aka yi dominsa. Masu Nockturnal suna cewa batirinsu na kai awa 20 da ɗoriya, masu Lumenok suna cewa 40. Sanyi yana rage wannan, kuma lokacin farautar barewa, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin sanyi ne.

Fara da doka

Shekaru da yawa maharban Amurka suna gardama a kan ko sanya lantarki a jikin kibiya ya saɓa wa ruhin farauta da baka. Ƙungiyar Pope and Young, wadda aka kafa a 1961 kuma take riƙe da kundin manyan dabbobin da aka harba da baka, ba ta karɓar dabbar da aka harba da irin wannan kibiya sai a 2014 da ta sauya dokarta. Jihar Idaho sai a 2022 ta halatta shi. Duk da haka, kowace jiha na fitar da littafin dokokin farauta duk shekara, kuma shi za ka duba, domin wasu dazuzzukan gwamnati suna da ƙa'idojinsu na daban. A wajen Amurka abin ya bambanta ƙwarai: Faransa ta halatta farauta da baka tun 1995, Ingila kuwa ta haramta ta gaba ɗaya, da fitila ko babu.

Girman ramin sandarka

Nan ne sababbin shiga suka fi yin asarar kuɗi. Gindi ba ya shiga kowace kibiya. Ana auna faɗin ramin sandar da inci, kuma an saba sa wa kowane girma harafi: G na 0.165 ko 0.166, X na 0.204, H na 0.233, S na 0.244, GT na 0.246. Tsakanin S da GT bambancin bai kai kaurin gashin kai ba, amma ya isa ya sa gindi ya yi sako-sako ko ya matse har ya tsaga bakin sandar. Karanta sunan kibiyar da lambar da ke jikinta, ka duba jadawalin kamfanin da ya yi gindin. Kada ka auna da ido.

Akwai waɗanda ake sayarwa da 'yan riguna na roba, gindi ɗaya ya dace da girma uku ko huɗu. Suna da amfani ga mai kibau iri-iri, amma ni na fi son wanda aka yi daidai da sanda ɗaya. Duk wani ƙarin abu tsakanin gindi da sanda wata ƙofa ce ta karkacewa.

Mai baka irin wanda ake saɓawa a kafaɗa kamar bindiga ya ƙara kula. Gindin kibiyarsa yana da siffofi daban, akwai mai baki shafaffe, akwai mai siffar jinjirin wata, akwai mai kama tsirkiya. Idan ya sa wanda kamfanin bakansa bai amince da shi ba, tsirkiya tana iya tsallake kibiyar ta wuce ta sama ko ta ƙasa, ƙarfin duka ya koma jikin bakan ya fasa shi a gaban fuskarsa.

Game da launi, kore ya fi fitowa a idon mutum idan duhu ya fara, ja kuma ya fi bambanta da ganye idan akwai sauran haske. Abokan farauta da yawa sukan raba launuka don kowa ya san kibiyarsa. Wannan bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Ka ɗauki wanda idonka ya fi kamawa.

Sakawa

Da farko cire tsohon gindin. Murɗa shi a hankali kana ja. Idan ka sa filaya, gindin kaɗai za ta kama, kada ta taɓa sandar. Sai ka duba bakin sandar a wuri mai haske. Tsaga ko da siririya ce, ko zaren kabon da ya tashi, to wannan kibiya ta gama aiki. Lanƙwasa sandar kaɗan kusa da kunnenka kana juya ta; in ka ji ƙas-ƙas, jefar da ita. Kibiyar kabon da ta fashe a lokacin saki a bayan hannun da ke riƙe da baka take ƙarewa.

Goge cikin ramin da auduga da ɗan sifirit, ka bar shi ya bushe. Idan irin Lumenok ne, bakin sandar dole ya zama a miƙe kuma tsaf, babu gam, babu fenti, babu takardar ado da ta naɗo kansa, tunda ta nan wuta ke bi. Akwai ɗan abin gurza baki da ake sayarwa domin wannan, kuma 'yan juyi kaɗan sun isa.

Kafin ka tura, daidaita tsagar da fuka-fukan kibiyar, yadda idan ta hau tsirkiya babu fiffiken da zai goga a matokarar kibiya, wato inda take kwanciya a jikin baka, ko igiyoyin baka. Tun daga farko za ka yi wannan. Murɗa gindi mai fitila bayan ya shige yana iya karya wuyansa ko ya raba batirin da mazauninsa. Tura shi a miƙe da ƙarfin hannu. Mai makunni a cikin tsaga, ka riƙe shi ta kunnuwansa biyu don kada ka kunna shi. Kada ka sa gam ko kaɗan. In ya matse, shafa ɗan kakin tsirkiya a jikinsa, nesa da ƙarafan haɗa wuta. In ya yi sako-sako har yana juyawa da yatsa biyu, girman ne bai dace ba.

Saura gwaji biyu. Ɗora kibiyar a tsirkiya, ka juya bakan ta rataya tana kallon ƙasa: ya kamata ta tsaya da kanta, amma in ka ɗan bugi tsirkiyar da yatsa ta faɗi. Tsagar da ta matse da yawa tana fizgar kibiya a lokacin rabuwa, wadda ta buɗe da yawa kuma tana iya suɓucewa kana cikin ja. Masu sakin tsirkiya da kunama, wato 'yar na'urar hannu da ke kama tsirkiya a ja a saki, su duba ɗan madaukin igiyar da kunamar ke kamawa: wasu gindaye masu fitila sun fi na asali kauri, kuma idan ƙulle-ƙullen madaukin biyu suka matse gindin a ƙarshen ja, kibiya takan ɗaga daga matokararta, ko fitilar ta kama tun kafin saki. A bar ɗan sarari kamar milimita ɗaya. Gwaji na biyu, juya kibiyar a kan abin juya kibau ko a tafin hannu kana kallon gindin. In yana rawa, cire ka sake sakawa ko ka gwada shi a wata sandar.

Nauyin da ya ƙaru a baya

Ana auna nauyin kibiya da giren. Giren 15 da 'yan kai su ne giram ɗaya. Gindi na yau da kullum yakan kai giren 8 zuwa 12, mai fitila kuwa 20 zuwa 28. Ƙarin ba shi da yawa, amma ya zauna a can ƙarshen baya, inda ya fi tasiri.

Kibiya tana tafiya daidai ne idan nauyinta ya rinjaya gaba. Ga yadda ake lissafi. Auna tsawonta daga cikin tsagar gindi zuwa ƙarshen sanda. Ɗora ta, da tsininta a ɗaure, a kan bakin wuƙa ko yatsa har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba, ka auna daga tsagar zuwa wannan wuri. Cire rabin tsawon daga wannan adadi, raba abin da ya rage da tsawon duka, ka ninka sau 100. A ce kibiya ce mai inci 30 da nauyin giren 430, ta daidaita a inci 18.6: cire 15, saura 3.6, a raba da 30, ya ba da kashi 12 cikin ɗari. Ƙara giren 12 a gindi, wurin daidaiton ya ja baya zuwa kusan inci 18.1, rinjayen ya sauko kusa da kashi 10.3. Kamfanin Easton yana ba da shawarar kashi 10 zuwa 15 ga kibiyar farauta. Wanda ya fara daga 12 yana nan cikin iyaka. Wanda ya fara daga 10 ya faɗo ƙasa, sai ya ƙara nauyi a gaba, misali ya bar kai mai giren 100 ya koma mai 125.

Amma a lura, taɓa gaba yana taɓa wani abu. Nauyi a gaba yana sa sanda ta ƙara lanƙwasa a lokacin saki, nauyi a baya yana rage lanƙwasar. Gudu ma yana raguwa, kusan ƙafa ɗaya a daƙiƙa ga kowane giren 3. A yadi 20 ba za ka ga bambanci ba. A yadi 40 kibiyar za ta iya sauka ƙasa da inda ka saba. Saboda haka da zarar ka sauya gindi, koma filin gwaji ka sake saiti a kowane nisa, kuma da kan reza, wato tsini mai kaifi, irin wanda za ka yi farauta da shi, domin kan reza yana tona duk wani aibin tashi da kan gwaji ke rufewa. Don kada ka ƙarar da batir, wasu kamfanoni na sayar da gindin gwaji mai nauyi ɗaya marar wuta. Wanda batirinsa ya mutu ma yana yin wannan aiki. Sai dai kowane gindin da zai shiga kwarin farautarka, ka harba shi sau ɗaya ko biyu ka tabbata yana kamawa. A cikin fakiti guda akan sami wanda ya ƙi.

Yi wani gwajin da almuru, aboki ya tsaya bayanka da waya yana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya. Layin hasken zai nuna maka ko wutsiyar kibiyar na kaɗawa sama da ƙasa ko hagu da dama, abin da ido ba ya kamawa da rana.

A daji: karanta hasken

Haɗari na farko daga kai ne. Sha'awar ganin hasken tana sa mutum ya sauke hannun baka ko ya leƙo da kai kafin kibiya ta gama barin tsirkiya, harbin ya tafi ƙasa. Riƙe saitinka a wurin da ka auna har ka ji sauka; hasken zai shigo idonka da kansa. Haɗari na biyu shi ne ganin kamar fitilar ta ƙara maka lokaci. Tana haska kibiya ne kawai. In ba ka iya bambance kafaɗar dabba da haƙarƙarinta, ko ba ka ganin 'yan rassan da ke tsakaninku, lokacin harbi ya wuce ko da agogo ya ce da saura.

Sannan hasken yana iya ruɗar ka. Yana gindi ne, inci 28 zuwa 30 bayan tsini. Idan dabbar ta ba ka gefe sosai kuma kibiyar ta ratsa ta fita, inda hasken ya ɓace nan ne ta shiga. Amma idan ta ɗan juya maka baya ko kibiyar ta tsaya a jikinta, gindin yakan wulla gefe, ka ga kamar ka same ta a ciki alhali tsinin na cikin huhu, ko akasin haka. Ƙara da cewa sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, kusan ninki huɗu na kibiya, don haka barewa takan ji ƙarar tsirkiya ta durƙusa don zabura kafin kibiyar ta iso. Harbin da ya tashi daidai sai ya sauka sama. Abubuwa uku za ka riƙe a ranka: inda hasken ya taɓa jiki, yawan sandar da ta rage a waje, da wurin ƙarshe da ka ga dabbar. Zaɓi wata bishiya ko dutse a wurin ka haddace, domin in daga kan bishiya ka yi harbin, idan ka sauko ƙasa daji yakan sauya kama.

Kada ka sauko nan take. Jira aƙalla minti 30, sannan ka je wurin kibiyar shiru, in ta faɗi a nan. Wannan ita ce babbar fa'idar fitilar: kibiyar da ta nutse cikin busasshen ganye, wadda da sai ka yi ta lalube da tocila kana tattake jini, ga ta tana kiranka. Duba ta daga tsini zuwa fuka-fukai, ka kuma shinshina. Jini mai haske da kumfa-kumfa na huhu ne, kuma in huhu biyu ne dabbar ba ta nisa, bi sawu. Jini mai duhu sosai alamar hanta ce; ba ta awa 4 zuwa 6. Ruwa kore ko ruwan ƙasa mai wari da ɓurɓushin ciyawa na tumbi ne ko hanji. Ja da baya ta hanyar da ka zo, ka bar ta awa 8 zuwa 12. Kitse fari da ɗan jini kaɗan yakan nuna an shafi ƙirji ta ƙasa ko gadon baya. Idan abin da idonka ya gani ya saɓa da abin da ke jikin kibiya, ka gaskata kibiyar, kuma ka ɗauki jiran da ya fi tsawo. Ruwan sama mai wanke jini da zafin da zai ɓata nama su ne kawai ke iya sa a rage.

Maharbi Musulmi yana da ƙarin dalilin kula da wannan. Ana yin bisimilla a lokacin saki, kuma in an iske dabbar da sauran rai sai a yanka. Game da wadda ta kwana ba a gan ta ba kuwa, malaman Malikiyya sun yi magana, har Risala ta kawo bambanci tsakanin abin da kare ko shaho ya kashe da wanda aka sami kibiya a makasarsa. Gara ka tambayi malaminka tun kafin ka shiga daji, ba ka tsaya kan gawa da safe kana neman fatawa a waya ba.

In kibiyar ta tafi da dabbar, bar hasken ya yi maka jagora amma kada ka dogara da shi. Barewa takan karya sanda a jikin itace, gindin ya faɗi a yadi 30 ita kuma ta yi gaba. Ci gaba da bin jini, kana sa alama da tishu a kowane ɗigo. Lokaci-lokaci kashe tocilarka ka tsaya minti ɗaya idonka ya saba da duhu, ka duba ko'ina, ka tsuguna ka sake dubawa ta ƙarƙashin rassa. In ka hango hasken yana motsi ko yana ɗagawa yana sauka, tana da rai, koma baya.

Bayan an dawo

Kashe fitilar da zarar ka gama da ita. Goge jini da laka da ɗanyen tsumma, kada ka jiƙa ta cikin ruwa. Gindin da ya bugi ƙashi ko dutse, duba kunnuwansa da kyau. Farin layi a cikin robar alamar tsagewa ce, kuma irinsa ba ya komawa tsirkiya ko don gwaji. Wanda ya kwana a kunne mayar da shi cikin na gwaji, ko ka sauya masa batir in irin mai sauyawa ne. A cikin kwari, tabbata babu abin da ke danna tsagar, domin gindi yakan kama a jaka ya ƙone batirinsa ba ka sani ba. Ƙarshen kaka, cire su daga kibau ka ajiye a busasshen wuri, ba cikin mota ba, sannan mako biyu kafin buɗe farautar baɗi ka kunna kowanne a ɗaki mai duhu ka jera su. Wanda ya fi sauran dushewa, cire shi daga kwarin.